Murar tsuntsaye: me ƙasashen duniya ke yi don kada ta rikiɗe ta zama annobar mutane?

Tambaya: Shekara da shekaru muna jin labarin murar tsuntsaye, yau a kashe kaji a wannan ƙasa, gobe a hana shigo da ƙwai daga waccan. Shin akwai wani tsari da ƙasashen duniya suka haɗu a kansa, ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi? Kuma in cutar ta fara yaɗuwa tsakanin mutane, an shirya mata?

Amsa: Malam mai tambaya, tsari kam akwai shi, ya kuma daɗe. Sai dai aiki biyu ne ake yawan gwamutsawa. Ɗaya shi ne daƙile cutar tun tana jikin tsuntsaye da dabbobi, wannan aikin likitocin dabbobi ne da masu kiwo. Ɗayan shi ne shirin ranar da ƙwayar cutar za ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum, wannan kuma aikin ma'aikatun lafiya ne da kamfanonin haɗa rigakafi. Tsarin yana da ƙarfi sosai wajen sa wa ƙwayar cutar ido a ɗakunan gwaje-gwaje. Rauninsa a wurare biyu yake, bakin akurkin da kajin suka fara mutuwa, da kuma wajen rabon rigakafi idan abin ya auku.

Sai an fara fahimtar ita kanta ƙwayar cutar kafin dokokin su yi ma'ana. Bairos ɗin mura nau'in A yana ɗauke da bayanan halittarsa a gutsure 8, kowane da aikinsa. A bayansa akwai sinadarai biyu da ake yi masa suna da su, H da N. Da H yake manne wa jikin wanda zai kama, da N kuma yake kuɓucewa ya fita ya kama wani wuri. A tsuntsayen ruwa na daji, irin su agwagi da ɗinya, akwai H iri 16 da N iri 9, galibinsu ba sa ko sa tsuntsun ya yi laushi. Guda biyu ne, H5 da H7, suke da halin rikiɗewa idan suka shiga garken kaji mai cunkoso, su tashi daga ciwon hanji da maƙogwaro su koma cin dukan gaɓoɓin jiki. Wannan shi ne nau'i mai tsanani, wanda kan share kusan dukan kajin gona cikin kwana biyu zuwa uku. Haɗarin kasancewarsa gutsure 8 kuwa shi ne, idan bairos ɗin tsuntsu da na murar mutane suka haɗu a jiki ɗaya, na alade ko na mutum, suna iya musayar gutsuren, a sami sabon iri da jikin ɗan Adam bai taɓa gani ba. Haka aka samu annobar 1957 da ta 1968. Ta 2009 ma gauraye ce ta bairos ɗin alade da na tsuntsu da na mutum. Ta 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50, ita ce mizanin da masana ke auna mafi munin abin da ka iya faruwa.

Abin da ya tare H5N1, wato irin murar tsuntsayen da aka fi fargaba a kansa, har yanzu shi ne maƙullinsa bai dace da ƙofar hancin mutum ba. Wurin mannewar da yake so yana da yawa a hanjin tsuntsu da can cikin huhun mutum, amma ƙalilan ne a hanci da maƙogwaro, inda tari da atishawa ke kwaso cuta. Ga kuma bambancin zafi: jikin kaza yana kai maki 41 a ma'aunin Salshiyos, hancin mutum kuwa wajen 33 ne. Shi ya sa yake wuyar kamuwa amma in ya kama yake muni. Daga 2003 zuwa yau an tabbatar da mutum sama da 900 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu sun mutu. A yi hattara da wannan lissafi, domin waɗanda ciwonsu bai kai su asibiti ba yawanci ba a gwada su, don haka ainihin kason mutuwar bai kai haka ba. A 2011 da 2012 masu bincike a Holan da Amurka suka nuna cewa 'yan sauye-sauye kaɗan sun isa su sa bairos ɗin ya yaɗu ta iska tsakanin dabbobin gwaji. Kowane sabon kamu, a kaza ko saniya ko mutum, wata dama ce ta samun waɗannan sauye-sauye. Duk ƙoƙarin da ake yi na rage yawan damar ne.

An fara gano kakan wannan H5N1 a jikin ɗinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ya kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka mutu, hukuma ta kashe dukan kajin yankin, sama da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Ya lafa, ya sake ɓulla a 2003 a gabashin Asiya, a 2005 ya kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai, ya bi masu ƙaura da fataucin kaji ya isa Turai, ya shiga Afirka a farkon 2006. Tsoron wannan lokacin ne ya haifar da galibin tsare-tsaren da ake aiki da su yau. A Janairun 2006 aka yi taro a Beijing, ƙasashe da bankuna suka yi alkawarin dala biliyan 1.9.

A ɓangaren dabbobi, uwa a gindin murhu ita ce Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Paris, wadda aka kafa a 1924, ake kiran ta OIE a da, yanzu WOAH. Duk ƙasar da ke cikinta wajibi ne ta sanar da ɓullar nau'i mai tsanani cikin awa 24 da tabbatarwa. Ita da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka kafa haɗakar ƙwararru mai suna OFFLU a 2005, domin abin da likitocin dabbobi suka gani ya riƙa isa ga masu zaɓen rigakafin mutane. A 2022 aka shigar da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya cikin tafiyar, suka zama huɗu tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, bisa fahimtar cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta daji a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Amma sanarwar awa 24 ba ta soma ƙirguwa sai an tabbatar, tabbatarwa kuma sai da samfur mai kyau, nan ne ake yawan yin ɓarna. Da ido ba a bambance murar tsuntsaye da cutar Niyukasul, wata cutar kaji ta daban: duka biyun suna kawo mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwai ya ragu, zawo, wuya ya murɗe. Dole a ɗauki majina daga maƙogwaro da kuma dubura, a tsoma cikin ruwan adana bairos. Tsinken ɗaukar samfur ya zama na roba mai kan zaren roba, domin na itace mai auduga yana ɗauke da abubuwan da kan dagula gwajin. A ajiye a sanyin maki 4 idan zai isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu zuwa uku. In zai wuce haka, sai daskarewar maki 70 ƙasa da sifili ko fiye. Firizar gida mai maki 20 ƙasa da sifili lalata bairos ɗin take yi, haka ma narkewa da sake daskarewa. Gawar da ta kwana a rana ta fara ruɓa ba ta da amfani. A ɗakin gwaji ana fara tambayar ko mura ce nau'in A ta hanyar gwajin PCR, mai gano bayanan halittar bairos, sannan ko H5 ce ko H7, sannan a karanta jerin halittar sinadarin H a ga ko mai tsanani ne. Sakamakon da ya ce babu cuta alhali samfurin ne ya lalace a hanya ya fi rashin gwaji illa, domin yana sa a saki jiki.

Da zarar an tabbatar, sai a killace gonar, a kashe tsuntsayen da ke cikinta, a binne ko a ƙone ko a tara su su ruɓe da zafin kansu, tare da ƙwai da abinci da shimfiɗar ƙasa. Dokar Tarayyar Turai ta tanadi da'irar kariya ta kilomita 3 na aƙalla kwana 21, da da'irar sa ido ta kilomita 10 na aƙalla kwana 30, inda ake taƙaita zirga-zirgar kaji da ƙwai da taki. A ƙa'idar WOAH, ƙasa na iya sake kiran kanta wadda ta tsarkaka bayan kwana 28 da kammala kashewa da feshi, muddin sa ido bai nuna komai ba. Kuskuren da aka fi yi wajen feshi shi ne zuba magani a kan kashin kaji. Datti yana kashe ƙarfin maganin, don haka sai an kankare an wanke da sabulu tukuna. Kwanon tsoma ƙafa da ke bakin ƙofa, in ya cika da laka, ado ne kawai. Bairos ɗin na daɗewa makonni a ruwa mai sanyi da danshin kashi, yana kuma tafiya a tayar mota, takalmi, kejin kaji da kiret ɗin ƙwai na takarda da ake juyawa daga gona zuwa gona.

A ganina babu wani mataki da ya kai diyya muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mai kiwon da ya san in ya kai rahoto za a kashe masa kaji a bar shi da bashi, ba zai kai ba. Da dare zai kwashe waɗanda ke da sauran numfashi ya karya farashi a kasuwa, cutar ta bazu ƙauyuka goma kafin hukuma ta ji. Diyyar da ta yi ƙasa da farashin kasuwa sosai, ko ta zo bayan wata shida, ita ke haifar da ɓoyewa. In kuma ta zarce farashin, sai a fara shigo da kaji marasa lafiya daga wani wuri don a karɓa. Ƙasashe ma haka suke: wadda ta faɗi gaskiya sai maƙwabta su rufe mata kasuwa gaba ɗaya. Don magance wannan ne WOAH ta amince da ware yanki, a hana kayan lardin da cutar ta ɓulla kaɗai, sauran ƙasar ta ci gaba da ciniki. Ba kowace ƙasa mai saye ke mutunta wannan ba.

Kasuwannin kaji masu rai su ne wurin da tsuntsaye daga gonaki daban-daban ke cakuɗuwa, ragowar jiya su haɗu da sababbin yau. Hong Kong ta hana kwanan kaji masu rai a rumfunan kasuwa tun 2008, abin da bai saye ba a yanka shi kafin dare. Mataki ne mai arha da ke yanke zagayen cutar.

Batun yi wa kaji rigakafi an daɗe ana jayayya a kansa. Masu adawa na cewa kazar da aka yi wa allura tana iya kamuwa ba tare da ta nuna alama ba, ta ci gaba da zubar da bairos, kuma in allurar ba ta dace da irin da ke yawo ba, tana tura shi ya sauya. Wannan ya faru a wuraren da aka yi allurar rabi da rabi ba tare da bin diddigi ba. Amma ga misalin Sin: H7N9 ya ɓulla a 2013, ya kama mutum sama da 1,500, sama da 600 suka mutu, ga shi ba ya kashe kaji da farko, balle a gane inda yake. Da aka fara yi wa kaji allurar haɗin H5 da H7 a Satumban 2017, kamuwar mutane ta kusan ƙarewa ƙaf. Faransa ta fara yi wa agwagin gona allura a Oktoban 2023, duk da cewa wasu ƙasashe sun taƙaita sayen kayanta saboda haka. Sharaɗin nasara ɗaya ne: allura tare da gwaji a kai a kai, da sabunta allurar in bairos ya sauya.

A ɓangaren mutane, tun 1952 WHO ke da haɗakar ɗakunan gwajin mura, wadda ake kira GISRS yanzu, da cibiyoyi a ƙasashe sama da 120. Cibiyoyin ƙasa suna tura samfur zuwa manyan cibiyoyi a Landan, Atlanta, Melbon, Tokiyo da Beijing, da wata a Memphis da ta ƙware kan murar dabbobi. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ake zama a zaɓi irin da za a sa a rigakafin murar shekara-shekara. A wannan zaman ne kuma ake duba bairos ɗin tsuntsaye da ke yawo, a ga ko irin da aka tanada ya tsufa. Irin rigakafi bairos ne da aka cire wa dafinsa a ɗakin gwaji, aka daidaita shi ya hayayyafa da kyau cikin ƙwai, aka ajiye don a miƙa wa kamfanoni ranar da ake buƙata. Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, da suka fara aiki a Yunin 2007, sun wajabta sanar da WHO ko da mutum ɗaya ne ya kamu da sabon nau'in mura.

A farkon 2007 Indonesiya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa asarar rayuka, ta daina tura samfur. Ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta ce ba za su riƙa bayar da bairos kyauta ba, kamfanoni su yi rigakafi da shi, su sayar wa masu kuɗi a farashin da talakan da aka ɗebi majinarsa ba zai iya biya ba. An zarge ta da jefa duniya cikin haɗari, amma annobar 2009 ta gaskata kokenta: ƙasashe masu arziki sun riga sun yi odar kusan duk abin da za a fara samarwa, gudummawar da aka yi wa matalauta ta isa bayan guguwar ta wuce. Daga wannan rikici aka samu yarjejeniyar shirin tunkarar annobar mura, wadda ake kira PIP, a Mayun 2011. Ƙasashe su ba da samfur, kamfanonin da ke amfana su biya gudummawar da ta fara daga dala miliyan 28 a shekara, su kuma sa hannu cewa za su ware wa WHO wani kaso, wajen kashi 10 cikin 100, na rigakafin annoba a daidai lokacin da ake sarrafa shi. Ba a taɓa gwada wannan alkawari a ainihin annobar mura ba tukuna, kuma abin da aka gani lokacin korona, inda gwamnatoci suka hana fitar da kaya daga ƙasashensu, ya isa a yi ɗari-ɗari.

Lokaci shi ne babbar matsala. Galibin rigakafin mura har yanzu a cikin ƙwan kaji mai ɗan tayi ake noma shi, wanda shi kansa abin damuwa ne a cutar da ke kashe kaji. Daga gano sabon bairos zuwa kwalbar farko akan ɗauki wata huɗu zuwa shida. A 2009 an gano cutar a Afrilu, aka ayyana annoba ranar 11 ga Yuni, allura ba ta wadata ba sai wajen Oktoba zuwa gaba. Ga kuma lissafin awo. Allurar murar shekara tana ɗauke da maikurogiram 15 na kowane iri, sau ɗaya. H5 kuwa ba ya tayar da garkuwar jiki da sauƙi: rigakafin farko da Amurka ta amince da shi a 2007 sai da ya buƙaci maikurogiram 90, har sau biyu. Da aka haɗa da sinadarin ƙara kuzarin garkuwa, awon ya sauko zuwa 7.5 ko ma 3.75, sau biyu da tazarar kwana 21. Ma'ana, abin da zai ishi mutum ɗaya zai iya isar 12 ko 24. Saboda haka tara wannan sinadari yana da muhimmanci kamar tara shi kansa rigakafin. A 2024 Tarayyar Turai ta yi odar allura 665,000 ta H5, Finlan ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa ma'aikatan gonakin da ke cikin haɗari.

Kafin allura ta iso, magani ake dogara da shi. Oseltamivir, miligiram 75 sau biyu a rana na kwana 5 ga babba, ya fi aiki in an fara cikin awa 48 da soma ciwo, kodayake a murar tsuntsaye ana bayarwa ko an makara. Wanda ya yi mu'amala da tsuntsu ko dabba mai cutar ana bin lafiyarsa kwana 10, ana duba zazzaɓi, tari da jan ido. Tsohon maganin amantadine ya daina aiki a kan nau'o'i da dama, ɗaya daga cikin dalilan shi ne zuba shi da aka riƙa yi a ruwan shan kaji.

Daga 2020 lamarin ya sauya kama. Wani reshe na H5N1 mai lamba 2.3.4.4b ya zauna daram a jikin tsuntsayen daji, ya ƙetara zuwa Arewacin Amurka a ƙarshen 2021, ya gangara Kudancin Amurka a 2022, inda ya kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Peru, Chile da Ajantina, ya isa Antatika a farkon 2024. Wannan ya rushe tsohon tunanin cewa kashe kaji zai iya kawar da cutar daga duniya. Ba a kashe tsuntsayen daji, FAO da WOAH duka sun hana, domin tarwatsa su ake yi su kai cutar gaba. Sai a Maris 2024 aka same shi a shanun madara a jihar Texas, abin da kusan babu wanda ya zata. A hantsa yake taruwa, madarar ta yi kauri ta koma rawaya, yana bin injin tatsa da safarar shanu, har ya shiga garke sama da 1,000. Mutum wajen 70 suka kamu a Amurka zuwa farkon 2025, galibinsu ma'aikatan gona masu jan ido da ciwo mara tsanani, an kuma samu mutuwa ta farko a jihar Louisiana a Janairun 2025. Dumama madara a maki 72 na daƙiƙa 15 yana kashe bairos ɗin, haka dafa nama da ƙwai har cikinsu ya kai maki 70. Haɗarin yana wajen yanka, fige gashi, tatsa da shan ɗanyar madara. Matsalar ɓoyewa ta sake bayyana a nan ma, a ƙasa mai arziki: masu garke na gudun gwaji don kada a rufe musu ciniki, ma'aikata na gudun asibiti don kada su rasa aiki.

A Mayun 2025 ƙasashen WHO suka amince da yarjejeniyar annoba ta bai ɗaya, wadda ke son kamfanoni su ware kashi 20 cikin 100 na rigakafi da magani da kayan gwaji, rabi kyauta rabi a farashi mai sauƙi. An bar sashen musayar samfur da rabon amfani don a ci gaba da tattaunawa, wato dai maganar da Indonesiya ta tayar a 2007. Amurka, wadda ta sanar da ficewarta daga WHO a Janairun 2025, ba ta cikin waɗanda suka amince, alhali ita ce ta daɗe tana ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin sa ido kan cututtukan dabbobi a ƙasashe matalauta.

Abin da masu sa ido ke jira su gani, wanda zai sa a kaɗa ƙararrawa, ba yawan kajin da suka mutu ba ne. Suna duban gungun masu ciwo a gida ɗaya da tazarar kwanaki tsakanin na farko da na biyu, musamman in na biyun bai taɓa tsuntsu ba. A 2006 an ga irin wannan a yankin Karo na tsibirin Sumatara a Indonesiya, inda mutum 7 'yan dangi ɗaya suka mutu, amma cutar ta tsaya a nan. Suna duban ma'aikatan jinya da suka kamu bayan kula da mara lafiya, da ɓullar H5N1 a garken aladu, da sauyi a sinadarin H da ke nuna ya fara son hancin mutum. Idan aka ga sarƙar kamuwa ta kai mutum na uku da na huɗu ba tare da dabba a tsakani ba, shirin da ke rubuce shi ne a killace yankin, a raba oseltamivir ga duk wanda ya kusanci masu ciwon, a kuma umarci kamfanoni su ajiye rigakafin murar shekara su koma kan na annoba.